Me ya sa igiya ke jan keke zuwa dam a kan dutse?

Ɗan'uwa, ka tambaya dalilin da ya sa ba a yi titi zuwa madatsar ruwan da ke ƙololuwar dutse ba, aka kafa keke, wato taragon da igiyar ƙarfe ke ja a kan dogo, da kuma ko hawansa kasada ne.

Dubi Gelmerbahn, wani irin wannan keken da ke yankin Bern na ƙasar Suwizalan. A 1926 aka gina shi don kai kayan gini da ma'aikata wurin aikin dam ɗin tafkin Gelmer, wanda ruwansa ke samar da lantarki. Dutsen a miƙe yake ƙyam. Akwai inda in ka matsa gaba mita 100, ka hau mita 106. Wace motar kaya za ta iya wannan? Titi kuwa sai ya yi ta kewaye-kewaye, ƙanƙara kuma ta toshe shi watanni. Layin bai wuce kilomita ɗaya da ɗan kaɗan ba, amma yana haurar da mutum kusan mita 450.

Dole dam ya kasance can sama, domin gwargwadon tsayin da ruwa ya gangaro, gwargwadon ƙarfin da yake juya injin.

A 2001 aka buɗe wa jama'a shi. Tarago ɗaya ne, buɗaɗɗe, mai cin mutum 24 a kan dogo. Kana zaune kana fuskantar kwari, igiya na janka ta baya, gidaje na ƙanƙancewa a ƙarƙashin ƙafarka. Gaba na faɗuwa, ba shakka. Amma irin waɗannan kekunan suna da birkin da ke damƙe dogo in igiya ta saki, kuma ba a hawa da jama'a a lokacin hunturu. In ka samu dama, ka hau.