Likita Ya Amsa: Nau'in Korona na Omikron da Shirin da Ya Kamata a Yi a Karkara

Tambaya: Likita, wannan Omikron da muke ji a rediyo wata sabuwar cuta ce? (Mai karatu daga Ringim)

Amsa: Korona ce ta sauya kama, kamar yadda ta yi a baya aka samu nau'in Delta. Masana a Afirka ta Kudu ne suka sanar da ita a Nuwamba 2021, kuma ranar 1 ga Disamba hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa (NCDC) ta tabbatar da shigowarta Najeriya.

Tambaya: Takunkumin da na ɗinka da atamfa yana aiki? (Wata uwa daga Karaye)

Amsa: Yana rage haɗari, Hajiya, idan ninki biyu ko uku ne, ya rufe hanci da baki, kuma ana wanke shi kullum.

Tambaya: Likita, a ƙauyenmu ba mu taɓa ganin mai korona ba, ana cewa cutar masu hawa jirgi ce. Me zai sa mu takura kanmu tun ba ta zo ba? Mahaifina yana da ciwon suga, ya kuma ƙi rigakafi. (Daga Gwaram)

Amsa: Malam, wannan magana ce ta fi tayar mini da hankali. Ba ku gan ta ba ne domin ba a yi gwaji ba, kuma idan dattijo ya kwanta da zazzaɓi da tari a lokacin hunturu ya rasu, sai a ce sanyi ne ko tsufa. Ka tuna yadda dattawa suka yi ta rasuwa a birnin Kano a Afrilun 2020, har ministan lafiya na lokacin ya ce kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-macen suna iya zama sanadin korona.

Cutar ba ta buƙatar jirgi kafin ta iso muku. Direban da ya kai shanu Legas ya dawo, da ɗan cirani, da wanda ya ci kasuwar Wudil ko ta Maigatari, kowannensu zai iya kawo ta yana jin kansa garau, domin mutum yana yaɗa ta tun kafin alamu su bayyana. Rigakafin kuma sai ya yi kamar mako biyu a jiki kafin ya fara kariya sosai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ya bar tabo a zukata, kuma ban raina wannan tsoro ba. Amma allurar rigakafin korona an yi wa ɗaruruwan miliyoyin mutane a duniya, ni ma an yi mini. Ka lallashi Baba cikin ladabi, ka fara karɓa a gabansa. Kafin nan, a riƙa buɗe tagar ɗakinsa da rana ko da ana sanyi, mai mura kada ya shiga gaishe shi, kuma kada maganin sugansa ya yanke. Idan numfashinsa ya fara sarƙewa, ko ya rikice, ko ya kasa ci da sha, ku nemi mota ku kai shi babban asibiti nan take. Kada ku jira gari ya waye.

Tambaya: Mai kemis ya ba ni kulorokwin in riƙa sha da jiƙon tazargade don kariya. Ya yi? (Daga Ɗambatta)

Amsa: Bai yi ba, kuma wallahi abin yana ɓata mini rai! An gwada kulorokwin, ba ta hana korona, ba ta warkar da ita, yawanta kuma yana rikita bugun zuciya har ya kashe mutum. Jiƙon da ba a san awonsa ba yana iya taɓa hanta da ƙoda. Ka daina yau. Idan kana jin faɗuwar gaba ko jiri ko dishi-dishin gani, ka je asibiti da kwalin maganin a hannunka.