Hamonika a Kiɗan Blues: Daga Ina Wannan Kuka Yake Fitowa?

Tambaya: Malam, me ya sa har yau masu busa hamonika suke komawa ga tsofaffin faifan blues, wato kiɗan da ya samo asali daga baƙar fatar Amurka?

Amsa: Ɗan'uwa, dalilin yana cikin waɗannan faifan kansu. A shekarar 1937 John Lee Williamson, wanda aka fi sani da Sonny Boy, ya nuna cewa wannan ƙaramin abin busa zai iya jan ragamar waƙa maimakon ya tsaya a baya yana rakiya. Amma babban sauyi ya zo ne a birnin Chikago a 1952, lokacin da Little Walter ya fitar da "Juke", faifan da babu murya a cikinsa, wanda ya hau saman jerin mujallar Billboard na faifan da suka fi kasuwa a rukunin kiɗan baƙar fatar Amurka da ake kira R&B. Walter yakan rungume hamonikar da ƙaramin makirfo cikin tafukan hannunsa, ya rufe su ruf, ya haɗa da amfilifaya, sai sautin ya fito da kauri kamar na saksofon, wani babban abin busa na ƙarfe. Idan ya zuƙi iska yana lanƙwasa sautin, za ka rantse mutum ne yake kuka. A ganina, nan ne Paul Butterfield, wani mai busa hamonika ɗan Chikago, da matasan Ingila irin su mawaƙan ƙungiyar Rolling Stones suka yi karatunsu.