Me ake nufi da kalmar sandbox?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga wannan kalma a labarin Babban Bankin Saudiyya, ka kuma ji ɗanka a Jidda yana ambatarta game da wasan kwamfuta, shi ne kake tambaya ko ma'anarta ɗaya ce.

Asalinta a Turanci akwatin yashi ne da ake ajiye wa yara domin su yi gini su rushe ba tare da sun ɓata komai ba, kuma daga nan sauran ma'anonin suka fito.

A fannin kwamfuta, keɓaɓɓen wuri ne da ake gudanar da manhajar da ba a amince da ita ba, ta yadda ko da tana ɗauke da cuta ba za ta kai ga sauran fayiloli ba. Wayoyin Android haka suke killace kowace manhaja, kuma Microsoft ta sanya Windows Sandbox a 2019, wanda da zarar an rufe shi duk abin da ke ciki ya goge.

Ma'anar da ka gani a labarin banki ita ce ta fi shafar aljihunka. Tun 2018 SAMA, wato Babban Bankin Saudiyya, take bai wa sababbin kamfanonin hada-hadar kuɗi damar gwada ayyukansu a kan abokan ciniki ƙalilan, na ƙayyadadden lokaci, ƙarƙashin sa ido, kafin cikakken lasisi. A ganina, kamfanin da ke wannan mataki bai cancanci ka zuba masa duk ajiyarka ba.

Ɗanka kuwa yana nufin wasanni irin Minecraft, inda ɗan wasa yake gina abin da ya ga dama.