Amsa: Lambar ƙarancin fotashiyam a takardar inshora

Malama, kin ce HMO, wato kamfanin inshorar lafiya, ta dawo muku da takardar neman biya a asibitinku na Gombe, kina tambayar lambar ƙarancin fotashiyam a jini. A ICD-10, kundin lambobin cututtuka na duniya, E87.6 ce. Ki kula sosai, E87.5 ta yawansa ce, nan ake yawan tuntuɓe.

Sakamakon gwajin jini na E/U/Cr da ya nuna fotashiyam ƙasa da 3.5 mmol/L kaɗai bai isa ba, sai likita ya rubuta cutar a fayil da hannunsa. In gudawa ce ta kwantar da majiyyacin, A09 ke gaba, E87.6 ta biyo. In furosemide, maganin sa fitsari, ne sanadi, ki ƙara Y54.4. Ki liƙa kwafin sakamakon mai kwanan wata, da adadin potassium chloride, maganin ƙara fotashiyam, da aka ba shi.