Sayen bashin jinginar gidaje daga banki

Malam, ka tambaya ko akwai riba a sayen tarin basussukan gidaje da suka gagari banki karɓa. Sani dai: bashi ka saya, ba gida ba.

Kafin ka biya ko dala, duba kowane fayil ɗaya bayan ɗaya. Gidan yana da cikakkiyar takardar mallaka, ko ta rabon fili ce kawai? An yi rajistar jinginar, kuma wa'adinta bai ƙare ba? A nan Damagaram gidan gado ya fi cin mutane: magada goma, ɗaya ya jinginar.

Ƙwace gida a dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya da Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke bi, sai ta kotu, kuma tana jan lokaci. A sanar da wanda ake bi bashin a rubuce cewa bashin ya dawo hannunka. Nemi lauya, ka kuma tambayi malami, don sayen bashi ƙasa da kuɗinsa akwai maganar ribar da addini ya haramta a ciki.