Wi-Fi ya ɗauke a laptop bayan sabunta Windows

Ɗan'uwa, ka ce tunda Windows ta sabunta kanta laptop ɗinka ya daina kama Wi-Fi, alhali wayarka na hawa lafiya lau. To galibi direban katin Wi-Fi ne (wato manhajar da ke sa katin aiki) sabuntawar ta canja, sai ka mayar da tsohon. Danna Windows da X tare, ka buɗe Device Manager, ka shiga Network adapters, ka danna sau biyu a kan wanda aka rubuta Wireless ko Wi-Fi a sunansa. A shafin Driver zaɓi Roll Back Driver. Daga nan ka yi Restart, kada ka yi Shut down, domin Fast Startup, tsarin Windows na saurin kunnawa, kan adana yanayin direbobi, sai matsalar ta dawo yadda take.

Amma fa idan maɓallin ya yi toka-toka ba ya dannuwa, Windows ba ta ajiye tsohon direban ba ke nan. Jona wayarka da igiyar USB, ka kunna USB tethering a wayar don laptop ya samu intanet ta wurinta, ka sauke direban da ya dace da lambar laptop ɗinka daga shafin kamfanin da ya ƙera shi. Guji manhajojin nan masu cewa za su sabunta maka direbobi gaba ɗaya, sukan ɗora wanda bai dace ba.