Wace Inshora Zan Fara Yi?

Tambaya: Ni magidanci ne mai yara uku, albashina kaɗai muka dogara da shi. Dillalan inshora sun dame ni, kowa da abin da yake talla. Da wacce zan fara, kuma me ya sa ake cewa ba sa biya?

Amsa: Malam, kafin ka sa hannu a kowace takarda, ware kuɗin ko-ta-kwana da za su riƙe gidan wata 3 zuwa 6. Da su za ka gyara firji ko ka sauya wayar da ta fashe. Inshora ta asarar da ke durƙusar da gida ce: doguwar jinya, gobara, rasuwar mai ciyarwa.

Fara da ta lafiya, sai ta rai mai wa'adi, shekara 15 ko 20, har autanka ya tsaya da ƙafarsa. Ta fi wadda ake haɗawa da ajiya araha nesa ba kusa ba, shi ya sa dillalai ba su cika zumuɗin tallata ta ba. Idan kana gudun kuɗin ruwa, nemi takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu ɗaya a tallafa wa wanda tsautsayi ya faɗa wa.

Batun ƙin biya kuwa, sau da yawa tun ranar cike fom ake shuka shi. Wanda ya ɓoye hawan jini don a rage masa kuɗi ya ba kamfani hujjar soke yarjejeniyar. Wani kuma ya tsallake biya, kwanakin uzuri (galibi 30) su wuce bai sani ba.

Wadda ta fi ba mutane mamaki ita ce rage ƙimar dukiya. Gidan da sake gina shi zai ci miliyan 20, ka yi masa inshorar miliyan 10. Gobara ta yi ɓarnar miliyan 4. Miliyan 2 za a ba ka, domin rabin gidan ka kare, sannan a cire kason da ka amince za ka ɗauka da kanka.

Tambaya: Maigidana ya yi inshorar rai, amma ban taɓa ganin takardar ba.

Amsa: Malama, roƙe shi ya nuna miki inda take, ki rubuta lambarta da sunan kamfanin. Ku kuma duba wanda aka sa zai karɓi diyya: da yawa tun suna gwauraye suka cike gurbin, ba su sake waiwayarsa ba.